Kunnen Kawu Nizam

Sau biyu aka yi wa Nizam Rahaman tayin aiki a cikin injin sukari, sau biyun yana cewa a kai kasuwa. Aikin inuwa ne, albashin ya fi tsoka, ba maciji ba ƙaiƙayin ganyen rake, amma shi ya ce ƙarar inji cin kunne take yi, ya ga yadda waɗanda suka shekara goma a ciki suke magana da ihu ko a wurin gaisuwar mutuwa. Ya gwammace ya ci gaba da saran rake da adda a cikin rana, ya kuwa yi ta sara shekara talatin da ɗaya, har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu tudu. Matarsa Zorina ta daɗe ba ta yafe masa wannan ba. Takan ce ita dai tun da take ba ta taɓa ganin gidan da aka soya kunne aka ci gurasar roti da shi ba.

Abin da yake tattalin kunnen dominsa sai ranar Lahadi yake zuwa. Da gari ya waye mazan ƙauyukanmu za su fito da kejinsu, wasu a keke wasu a babur, kowane keji lulluɓe da farin ƙyalle, su taru a filin bayan kasuwa. A rataye keji biyu a jikin sanda ɗaya, a yaye ƙyalle, namijin ɗan tsuntsun nan towa-towa ya ga ɗan'uwansa namiji, shi ke nan zuciya ta tashi, kowa ya shiga rera tasa. Wanda ya riga cika hamsin ya ci. Tsere muke ce masa, ko da yake ba mai motsawa daga inda yake. Kowane tsuntsu da mai ƙirga masa, kuma nan wahalar take, domin tare suke yi, murya na shiga cikin murya, rerawar da aka yanke a tsakiya kuwa ba a sa ta a lissafi.

Yana da shekara goma sha tara aka fara tsayar da shi ƙirga, ranar da tsohon mai ƙirgan ya wayi gari da giya a ka bai fito ba. Yakan harɗe hannu a baya, ya rufe ido ruf, ya ɗan karkatar da kai, sai leɓɓansa kawai ke motsi. In ya ce hamsin, ba mai cewa arba'in da tara. Mutanen yankinmu na Corentyne da ba sa yarda da ma'aunin mai kifi, ba sa yarda da alƙalin wasan kurket ko da ɗan gidansu ne, sun yarda da kunnen Nizam. Abokin ƙirgansa Cuthbert Semple ne, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda suka zauna benci ɗaya a firamare. Ɗaya na masallaci ɗaya na coci, kuma sun shekara arba'in suna musu a kan wa ya fi wani kunne. Da furfura ta fito, yara da manya suka koma ce masa Kawu Nizam. Ban da wannan ba shi da wani abin a zo a gani: gidan katako a kan dirkoki, keke, 'ya'ya mata biyu, Shaneeza da ƙanwarta, da suka yi aure suka tafi Toronto, da tsuntsu guda da ya saya a Skeldon ya kuma sa masa sunan garin, don ba shi da dabarar raɗa suna.

Abin ya faru wata Alhamis da hantsi, yana da shekara hamsin da takwas. Ya rataye kejin Skeldon a keke zai je bakin gonar shinkafa ya yanko masa ɗanyen irin ciyawa, sai ya tarar da shingen 'yan sanda. A lokacin ana ta kama masu safarar tsuntsaye zuwa New York, masu cusa su cikin robar naɗin gashin mata, saboda haka duk mai keji ya zama abin zargi. Wani kofur mai suna Benn ya ce ya yaye ƙyallen, ya yaye. Ya ce ya buɗe kejin. Nizam ya yi masa bayani cikin ladabi cewa tsuntsu ɗaya ne ga shi nan ana gani, kuma in aka buɗe a bakin titi tashi zai yi. Kofur ya kai hannu zai buɗe da kansa. Nizam bai san lokacin da ya riƙe masa wuyan hannu ba.

Riƙon bai wuce na ƙiftawar ido ba, amma ya isa. Kofur ya buɗe tafukansa biyu ya haɗa masa su a kunnuwa lokaci guda, irin marin nan da ba ya barin shaida a fuska. Aka jefa shi bayan kanta kwana biyu, aka rubuta cewa ya kai wa jami'i hari. Zorina ce ta je ta karɓo keke da keji, ta kuma yi belinsa. Bayan zama uku majistare ya kori ƙarar, don kofur bai taɓa leƙowa ba.

Jinin kunnen ya tsaya, ciwon ya warke, ji ma ya dawo, amma ba duka ba. Manyan sautuka sun dawo, ƙarar babbar mota, kukan saniya, muryar Zorina in ta ɗaga ta. Siraran ne suka tafi. Safiyar da ya gane, yana zaune a ƙarƙashin gida da kofin shayi, ya ɗaga ido ya ga Skeldon ya miƙe a kan ɗan sandansa, baki buɗe, maƙogwaro na rawa, jela na kaɗawa, shi kuwa ba abin da ya iso shi. Ya ajiye kofin ya matsa har kunnensa ya taɓa wayar kejin. Ya juya ɗaya kunnen. Sai ya koma ya zauna ya shanye shayin, domin Zorina na tsaye a matakala.

Ya kamata ya faɗa wa mutanen fili, bai faɗa ba. Ni ban ga laifinsa sosai ba. Mutumin da abu ɗaya tak aka san shi da shi a duniya, ta yaya zai tsaya gaban jama'a ya ce ya ƙare? Ranar Lahadi ya je, aka tsayar da shi, ya tsura wa tsuntsun ido. Ashe shekara arba'in na sauraro sun koya wa idonsa abin da bai san ya iya ba. Maƙogwaro zai kumbura, jela ta yi rawa, kai ya ɗan sunkuya in rerawa ta kai ƙarshe. Ya ƙirga da haka, ya ce hamsin, ba wanda ya yi musu. Cuthbert ya tsokane shi cewa yau kuma ido buɗe, ko tsoro yake kada a sace masa keke. Ya ce tun marin nan in ya rufe ido jiri yake ji, aka yi Allah wadai da kofur, aka wuce wurin.

Zorina kuwa buta ce ta tona masa asiri a wurinta. Wata rana ta sauko daga shanya ta tarar da butar shayi tana fito kamar za ta fashe, maigidan yana zaune kusa da ita yana gyaran tayar keke, ko ɗaga kai bai yi ba. Ta sauke butar, ta tsaya a gabansa inda zai ga bakinta.

"Baban Shaneeza, tun yaushe?"

Ya ce tun ranar. Ta zauna a kan bokiti ta yi kukanta, da ta gama ta share ido ta ce gobe za su birnin New Amsterdam wurin lauya. Ya ce ina shi ina ja da hukuma. Ta ce shi dai ya sa rigarsa mai kyau. Da ta tsaya kai da fata sai ya yarda, amma da sharaɗi ɗaya, kada kowa a fili ya ji maganar kunnen. Za a ce ƙarar mari da tsarewa ya kai.

Lauyar, Vashti Ramdeholl, mace ce mai saurin magana, ta tura shi babban birni Georgetown aka yi masa gwajin ji, aka kawo takarda mai zane-zane da lauyar ta ce ita ce ƙashin bayan shari'ar. Shi a tunaninsa takarda alƙali zai karanta a ofishinsa ya ninke, kamar yadda likita ke yi da tasa. Bai tambaya ba, ita ma ba ta san akwai abin ɓoyewa ba.

Shekara uku ana ɗage zama. Yau lauyan gwamnati ba shi da lafiya, gobe fayil ya ɓata, jibi an tura kofur aiki can cikin daji. A tsakanin nan kofur ya zama saje. Nizam bai cika damuwa da jinkirin ba, don abin da yake nema ba ya cikin fayil. Kullum da safe yakan rataye kejin a dirkar gida ya zauna yana kallo, in maƙogwaron Skeldon ya fara rawa sai ya kunna waƙar a cikin kansa, yadda ya san ta, hawa uku sannan saukar nan mai kama da zubar tsaba a faranti. Wata rana takan zo masa tas har ya manta. Wata rana ya neme ta ya rasa farkonta, sai ya ji tsoro ya kama shi, irin tsoron wanda ya fara manta fuskar mahaifiyarsa. Kewa yake yi, kewa mai cin rai, kuma abin da yake kewar yana rataye taku biyu daga hancinsa yana cin tsaba. Jikarsa ta Toronto in ta karɓi waya tana yi masa hira sai ya yi ta cewa madalla, madalla, bai san me ta ce ba.

Da aka sa ranar da za a saurari shaidarsa, Zorina ta yi suɓutar baki ta gaya wa matar Cuthbert. Mu kuwa ba ma barin namu ya je gaban hukuma shi kaɗai, kuma mai towa-towa ba ya barin tsuntsunsa a gida tun safe har yamma, sai ya yi fushi ya daina rerawa mako guda. Da Nizam ya sauko daga mota ya tarar da mutum goma sha huɗu a ƙofar babbar kotu, kowa da wankakkiyar riga, kowa da keji a hannu. Ɗan sandan ƙofa ya ce mutane su shiga, tsuntsaye su tsaya. Sai suka jera kejin a jikin shingen da ke ƙarƙashin tagogi, suka yaye ƙyallen don a sha iska, suka shiga suka cika benci biyu. Cuthbert ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya ji komai, yau saje zai san ya taɓo mai dangi. Nizam ya rasa bakin cewa su koma.

Lauyarsa ta bi da shi labarin shinge da mari da bayan kanta. Da ta zo kan takardar likita ta ce jinsa ya ragu, ya ce e a ciki-ciki, yana fatan 'yan benci za su ɗauka irin ƙarin gishirin da lauyoyi ke yi ne. Sai lauyan gwamnati ya miƙe, wani saurayi mai taushin murya, ya nemi izini ya nuna hoton bidiyo. Filin bayan kasuwa ne, watan jiya, ga keji biyu, ga Nizam hannu a baya yana ƙirga, ga jama'a na tafi da ya ce hamsin.

"Kawu, kai ne wannan?"

"Ni ne."

"An ce duk Corentyne ba mai kunnenka. Takardar nan kuma ta ce ba ka jin siririn sauti ko kaɗan. To taimaka mini, wa aka yi wa ƙarya, kotu ko waɗannan bayin Allah da ke zaune a baya?"

Nizam ya auna abin a ransa. Hanya biyu ce a gabansa, kuma duka yana ganin ƙarshensu. In ya ce yana ɗan ji, shari'a ta rushe, saje ya fita yana murmushi, amma ranar Lahadi za a tsayar da shi kamar kullum. In ya faɗi gaskiya, ba zai sake tsayawa gaban keji ba har ya mutu. Kuma wallahi ta farkon ransa ya fi so. Kuɗin gwamnati bai taɓa shiga mafarkinsa ba.

Alƙaliyar, dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci, ta ajiye alƙalami ta ce tun da aka fara zama take fama da 'yan rakiyarsa na bakin taga, har ta kusa sa a kwashe su. Ta tambaye shi a hankali, tana kallon fuskarsa, ko yana jin su yanzu.

Ya waiwaya baya. Duk sha huɗun shi suke kallo, ban da Cuthbert, wanda kansa ke karkace wajen taga, yatsunsa na motsi a kan gwiwa ba tare da ya sani ba. Ashe tsere ake a waje, mai zafi kuwa, tun da har ya ɗauke hankalin Cuthbert daga shari'a. Tsuntsu goma sha huɗu suna zuba murya taku goma daga inda yake tsaye, shi kuwa abin da ke kunnensa gurnanin fankar sama ne kawai. Wannan ne ya karya masa zuciya, ba tambayar lauya ba.

"Ya mai shari'a, na san suna yi, don ga yatsun Cuthbert can suna ƙirga. Amma ni shekara uku da wata huɗu rabona da in ji."

Daga nan ya faɗi sauran, yadda yake kallon maƙogwaro da jela, yadda yake gane ƙarshen rerawa. Alƙaliya ta rubuta. Lauyan gwamnati ya tambaye shi ko zai iya rantsewa cewa bai taɓa kuskure a ƙirgan ido ba. Ya ce ba zai iya ba. Saje Benn yana zaune a gefe yana duba farcensa. Da aka tashi, mutanen suka fita suka lulluɓe kejinsu suka kama hanya, ban da wani Boodram da ya tsaya a matakala yana faɗa wa duk mai saurare cewa da ma ya san tsuntsunsa bai faɗi ba ranar Ista, da ɗaya tak aka ce an cinye shi. Cuthbert ya hau mota bai yi sallama ba.

Bayan wata huɗu hukunci ya fito. An ce an zalunce shi, an tsare shi ba bisa ƙa'ida ba, a biya shi diyya. Daga asusun gwamnati za a biya, wato daga aljihunmu, saje kuwa ko maɓallin rigarsa bai girgiza ba. Zorina ta sa aka sayo na'urar ji ta maƙala masa. Maganar mutane ta ƙara fitowa, amma da Skeldon ya buɗe baki sai ya ji wani ƙaraurau kamar ana kankare tukunya da cokali. Ya cire ta ya sa a aljihu. Duk watannin nan bai taka fili ba, ba kuma wanda ya aiko a kira shi. Ranar Lahadi yakan yi wanka ya sa riga, ya zauna a ƙarƙashin gida yana kallon masu keji suna wucewa a titi, wasu su ɗaga hannu wasu su kau da kai.

Wata Lahadi da hantsi, bayan an watse, sai ga Cuthbert ya turo kekensa cikin gida. Ya jingine shi, ya jawo benci ya zauna, bai gaisa ba. Zorina ta kawo musu shayi da dal puri, gurasar nan mai wake a ciki, ta haye sama.

"Shekara uku kana tsaye kusa da ni, tsohon banza," in ji Cuthbert, da ƙarfi, yana fuskantarsa. "Ni ne baƙo da ba za ka gaya mini ba?"

Nizam ya ce kunya ce. Cuthbert ya ce kunyar ta ci gidansu. Ya ce Boodram har yanzu yana surutu, an sa wani ɗan garin Albion yana ƙirga, ba laifi amma yana da gaggawa. Bai ce masa ya dawo ba, Nizam ma bai tambaya ba, duka sun san wannan ƙofar ta rufu. Suka ci dal puri. Can sai Skeldon ya miƙe a kan sandansa, maƙogwaro ya fara rawa, kan Cuthbert ya karkata da kansa. Nizam ya dubi fuskar abokinsa ya tambaya.

"Yaya muryarsa yanzu? Tana nan dai yadda take?"

Cuthbert ya buɗe baki zai ce tana nan, sai ya fasa. Ya ce ai ya canza. Tun wajen shekara biyu da suka wuce ya ƙara wani lanƙwaso a ƙarshe, bayan saukar, ya sake hawa rabi ya riƙe kafin ya saki. Ba a san inda ya ɗauko shi ba. Mutane har daga Skeldon suke zuwa tambaya ko za a sayar, kowa kuma ya ɗauka Nizam ne ya koya masa.

Nizam ya kalli tsuntsun. Shekara biyu yana zaune gabansa kowace safiya yana rera masa tsohuwar waƙa a zuci, ashe mai waƙar ya wuce wurin tuntuni.

"Yi mini shi," ya ce.

Cuthbert ya tsuke baki ya yi fito. Nizam ya girgiza kai, fiton ma siriri ne, bai iso ba. Cuthbert ya ajiye kofi, ya waiga ya tabbata Zorina ba ta leƙe, ya gyara murya. Sai ya sauko da waƙar can ƙasa, cikin ƙaton maƙogwaronsa na tsoho mai kaushi, hawa uku, sauka, sannan rabin hawan nan da ya riƙe har numfashinsa ya kusa ƙarewa. Ba daɗin ji ko kaɗan, kare ma sai da ya ɗago kai daga ƙarƙashin matakala. Amma ta shiga kunnen Nizam.

Hawaye ya zubo wa Nizam, bai goge ba. Ya jawo kujerarsa ya matso ta ɓangaren kunnen hagu, ya ce masa ya sake, a hankali, daga wurin saukar.